Azarbaijan: Ƙasar Wuta da Zangon Fatake

Azarbaijan ƙasa ce da ke gaɓar yammacin Tekun Kasfiyan, a gindin duwatsun Kaukasus. Rasha ce maƙwabciyarta ta arewa, Iran ta kudu, Jojiya da Armeniya kuma ta yamma. Faɗinta murabba'in kilomita 86,600 ne, mutanenta kuwa sun ɗan haura miliyan 10, wato kaɗan suka ɗara adadin da ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano. Babban birninta Baku. Sai dai mahaifar al'ummar Azari ta fi wannan jamhuriya faɗi, domin masu jin harshen da ke arewa maso yammacin Iran, a biranen Tabriz da Ardabil da kewayensu, sun fi na cikin jamhuriyar yawa. Kogin Aras ne ya raba su, kamar yadda iyakar da Turawa suka shata ta raba Katsina da Maraɗi.

Masana suna danganta sunan ƙasar da Atrofat, wani hakimin Farisa da ya riƙe yankin a zamanin Iskandar, sarkin Girkawa. A bakin jama'a kuwa ana haɗa sunan da kalmar Farisanci mai nufin wuta, kuma ƙasar kanta ta ba da dalili. Iskar gas tana tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa a kewayen Baku, ta kama da wuta ba tare da an hura ba. A tudun Yanar Dag har yau harshen wuta yana ci dare da rana. Majusawa sun girmama irin waɗannan wurare tun da daɗewa, kuma a Surakani akwai ɗakin bauta mai suna Ateshga, wanda fataken Indiya suka gina a ƙarni na 17 da na 18. Wutarsa ta asali ta mutu a 1969 saboda yawan haƙar gas a kusa, wadda ake gani yanzu ta bututu ake kawo ta.

Musulunci ya isa yankin a zamanin halifancin Sayyidina Umar, wajen shekara ta 22 bayan Hijira. Kafin nan arewacin ƙasar masarautar Kiristoci ce da ake kira Albaniya ta Kaukasus, wadda ba ta da alaƙa da Albaniya ta Turai. Masallacin Juma'a na Shamaki, wanda ake kai tarihin kafuwarsa zuwa 743, yana cikin mafi tsufa a duk yankin. A ƙarni na 11 Turkawan Saljuƙ suka shigo da garkunansu, harshensu kuma ya yi ta rinjayar harsunan da ya tarar har ya zama harshen gida. Shi ya sa mutumin Baku da na Istanbul suke fahimtar juna ba tare da tafinta ba. Sarakunan Shirwan sun yi mulki fiye da shekara 600, kuma fadarsu da ke cikin tsohon birnin Baku ginin ƙarni na 15 ce, ƙarnin da Sarki Muhammadu Rumfa ya gina Gidan Rumfa ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. A 1501 Shah Isma'il, jikan shehunan ɗariƙar Safawiyya ta Ardabil, ya ci Tabriz ya mai da Shi'anci tafarkin gwamnati. Daga nan ne mafi yawan al'ummar suka zama 'yan Shi'a, yayin da garuruwan arewa irin su Sheki da Zaƙatala suka ci gaba da bin Sunna.

Rabuwar al'ummar Azari da aka ambata ta samo asali ne daga yaƙe-yaƙe biyu da Rasha ta ci Farisa. Yarjejeniyar Gulistan ta 1813 da ta Turkmancai ta 1828 suka miƙa wa Rasha duk abin da ke arewacin Aras. Ba a jima ba man fetur ya sauya fuskar Baku. An haƙa rijiyar mai a Bibi Haibat a 1846, shekara 110 kafin a gano mai a Oloibiri ta Najeriya. 'Yan gidan Nobel na Suwidin sun kafa kamfaninsu a 1879, kuma zuwa 1901 kusan rabin man da duniya ke haƙowa daga Baku yake fitowa. Cikin attajiran da man ya ɗaga, wanda ya fi cancantar a tuna da shi shi ne Alhaji Zainul Abidin Tagiyeb, magini ne da bai yi karatu ba, amma da dukiya ta zo masa sai ya gina gidan wasan kwaikwayo, ya kuma buɗe makarantar 'ya'ya mata Musulmi a 1901, duk da adawar da ya sha.

A ranar 28 ga Mayu, 1918, bayan rushewar daular Rasha, aka ayyana Jamhuriyar Dimokuraɗiyya ta Azarbaijan. Wata 23 kawai ta yi, amma a cikinsu ta ba mata damar jefa ƙuri'a, ta kuma kafa Jami'ar Baku a 1919. Sojojin gurguzu sun shiga Baku a watan Afrilu na 1920, ƙasar ta zauna ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet shekara 71. Zamani ne da ilimin boko ya game ko'ina, har ɗaliban Afirka suka riƙa zuwa Baku koyon aikin mai, cikinsu da José Eduardo dos Santos wanda daga baya ya shugabanci Angola. Zamani ne kuma na zalunci mai tsanani: an rufe masallatai, an rushe na Bibi Haibat a 1936, an harbe marubuta, wasu an tura su Saiberiya sun mutu a can.

Babu abin da ya nuna irin wahalar da ƙasar ta sha kamar labarin rubutunta, kuma wannan babi ne da ya kamata Bahaushe ya tsaya a kansa. Ɗaruruwan shekaru da haruffan Larabci ake rubuta harshen Azari, wato ajaminsu. A 1929 hukuma ta soke shi ta tilasta haruffan Rumawa. Shekara goma bayan nan, a 1939, Stalin ya sa aka koma haruffan Rasha. Da aka sami 'yancin kai a 1991 aka sake komawa na Rumawa, aka kuma kammala sauyin da doka a 2001. Sauyi uku ke nan cikin rayuwar mutum guda. Kaka ba ta iya karanta wasiƙar jikanta, jika ba ya iya karanta abin da aka rubuta a kan kabarin kakansa, littattafan magabata kuma sun koma hannun ƙwararru kaɗan. 'Yan'uwansu na Iran har yanzu da haruffan Larabci suke rubutu, don haka harshe ɗaya ne a baki amma biyu ne a takarda. A ƙasar Hausa ba a taɓa haramta ajami ba, boko ne ya zo ya zauna kusa da shi tun daga makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a 1909. Wannan ni'ima ce babba, sai dai abin da doka ta yi wa Azarbaijan da ƙarfi sakaci yana iya yi wa Hausa a hankali, idan masu iya karanta tsofaffin takardun ajami suka ci gaba da ƙarewa ba magada.

Bayan samun 'yanci ƙasar ta faɗa yaƙi da Armeniya a kan yankin Karabak. Zagayen farko ya tsaya a 1994, bayan mutuwar kimanin mutum 30,000 da korar dubban ɗaruruwa daga gidajensu a ɓangarorin biyu. Azarbaijan ta maido da yawancin yankin a yaƙin kwana 44 na 2020, ta karɓe ragowar a watan Satumba na 2023, inda Armeniyawa fiye da 100,000 suka fice. Mulki kuwa yana hannun gida ɗaya tun 1993: Haidar Aliyeb, sannan ɗansa Ilham daga 2003, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun daɗe suna kuka da yadda ake ɗaure 'yan jarida da 'yan adawa.

Abin da ya riƙe al'ummar cikin wannan jujjuyawa shi ne adabi da kiɗa da sana'ar hannu. Nizami, wanda aka haifa a Ganja wajen 1141 ya rasu wajen 1209, ya rubuta dogayen waƙoƙi biyar da Farisanci, ɗaya daga cikinsu labarin Laila da Majnun ne, wanda almajiran Larabci a Kano suka sani ta wata hanyar. Fuzuli, wanda ya rasu a Karbala a 1556, ya sake tsara labarin da harshen Azari, kuma a kan nasa tsarin ne Uzairu Hajibayob ya gina wasan kwaikwayo na waƙa da aka fara nunawa a Baku a 1908.

Kiɗan da suka fi alfahari da shi sunansa mugam. Mutum uku ne ke yin sa: mai tar, wadda ta yi kama da garaya sai dai tsirkiyarta 11, mai kamanca, wadda ake gogawa kamar goge, da mawaƙi, wanda ke riƙe da tambari mai faɗi irin mandiri. Ba a rubuce ake koyonsa ba, yaro ne ke zama gaban ubangidansa shekara da shekaru har kunnensa ya nuna. Akwai manyan karuruwa bakwai, kowanne da yanayin da yake saukarwa a zuciya, mawaƙin kuma yana da 'yancin yin sabon salo a cikin iyakar karin, ta yadda ba a rera waƙa ɗaya iri ɗaya sau biyu. Duk wanda ya saurari Mamman Shata a gaban jama'a ya san wannan baiwa. Bambancin shi ne, a Baku an gina wa mugam cibiya ta musamman, ana koyar da shi a makarantun kiɗa, an kuma shigar da shi kundin al'adun duniya na hukumar UNESCO. Saƙar darduma ma ta shiga kundin a 2010, mayafin siliki mai suna kelagayi a 2014, ƙirar tagulla ta ƙauyen Lahij a 2015. Kelagayi aikin marina ne: a buga zane da hatimin itace da aka tsoma cikin kakin da aka narkar, a tsoma cikin rini, inda kakin ya taɓa ya ƙi kamawa. Marinin Ƙofar Mata ba zai buƙaci dogon bayani ba.

A kan waɗannan abubuwa aka gina harkar yawon buɗe ido, wadda ta kawo baƙi fiye da miliyan 3 a 2019. Kuɗin mai sun gina dogayen benaye, sun jawo gasar tseren motoci da taron sauyin yanayi na duniya na 2024, amma abin da baƙo ke tsayawa ya kalla tsoho ne. A Gobustan akwai zane-zane fiye da 6,000 da mutanen dā suka sassaƙa a jikin duwatsu, da wani dutse da ke amsa amo kamar ganga idan an buga shi. Irin waɗannan biyun duka akwai su a Birnin Kudu. Tsohon birnin Baku da ganuwarsa ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2000, Gobustan a 2007, Sheki a 2019. Fadar sarkin Sheki, ginin 1797, tagoginta na ƙananan gilasai masu launi ne da aka harhaɗa cikin itace ba ƙusa ba danƙo.

Ga mutumin Fagge ta Kano, abin da ya fi jan hankali a Sheki shi ne zangon fatake. Garin yana kan hanyar fataucin siliki, don haka aka gina manyan masaukai na dutse: ƙofa ɗaya da ake rufewa da dare, fili a tsakiya da tafkin ruwa, rumbunan kaya a ƙasa, ɗakunan kwana a sama. Ɗaya daga cikinsu yau otal ne, baƙo yana biya ya kwana inda fatake suka kwana. A Baku ma zangon mutanen Multan da na Buhara suna nan da sunayensu. Fagge ita ma zango ce. A dā, a nan bayan ganuwa ayarin raƙuman Azbinawa ke sauke gishirin Bilma, su ɗauki hatsi da baƙin yadin da aka rina a Kura. A nan madugu ke neman fatoma, dillali ya shiga tsakani. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka yanka Sabon Gari don ma'aikata da 'yan kasuwar kudu, Kwarori suka buɗe kantuna, dalar gyaɗa ta tashi a wajen Ƙofar Mazugal, Kantin Kwari ya zama inda 'yan kasuwar Nijar da Cadi da Kamaru ke sarin atamfa da shadda. Fataucin da ya mutu a Sheki har aka mai da gidajensa wurin kallo, a Fagge yana nan da ransa, daga 'yan canjin Wapa zuwa telolin da ke cikin lunguna. Abin da babu shi ne alamar da za ta gaya wa baƙo, ko ɗan unguwa, inda raƙuman suka durƙusa.

Hawan Sallar Kano ya shiga kundin UNESCO a watan Disamba na 2024, wannan kuwa abin farin ciki ne. Amma badala da wuraren da ke tare da ita suna jerin jiran shiga tun 2007, kuma a tsawon wannan jira an yi ta cin ta da gine-gine. Aikin da ke gaban Ƙaramar Hukumar Fagge da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da Sashen Tarihi na Jami'ar Bayero bai kai tsadar bene ɗaya na Baku ba: a ƙididdige tsofaffin gidajen fatake da kantunan farko da suka rage tsakanin Fagge da Sabon Gari, a ɗauki muryar dattawan da suka ga ayari da idonsu, a tattara takardun ciniki na ajami da ke cikin adakokin gidaje, a kuma kafa allo a kowane wurin da aka tabbatar. Dattawan nan kullum raguwa suke yi, don haka da su ya kamata a fara.