Yadda kyamara ke mayar da maraƙi bijimi

Yau daga Zangon Wagadugu muke zance da ku.

In ka zauna wurin mai shayi a Zango da dare, za ka ga samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon bidiyon waƙa, wanda a nan ake ce wa kilif. Yau Floby ko Dez Altino, gobe Hamisu Breaker ko Ado Gwanja. Garin nan ya san hoto, don tun 1969 ake bikin fina-finan Afirka na FESPACO a cikinsa. To amma kai mai kallo, ka san yadda ake dafa abin da ake zuba maka?

Da farko dai, mawaƙin ba a wurin yake rera waƙar ba. An riga an ɗauki murya a situdiyo, sai a kunna, shi kuma ya bi da baki. Baiti ɗaya a maimaita shi a wurare da dama, da tufafi iri-iri, sannan mai haɗawa ya zauna gaban kwamfuta ya yanka, ya jera, kowane sauyin hoto ya faɗa daidai bugun ganga. Shi ya sa ido ba ya samun sukunin bincike.

Sai wurin da aka ajiye kyamara. In mai ɗauka ya durƙusa ya ɗauko mutum daga ƙasa, gajere ma sai ya zama basarake. In daga sama ne, sai ya koma abin tausayi. In aka matso da fuska har ka ga hawaye, so ake zuciyarka ta karye. In aka rage gudun hoto, tafiyar kowa sai ta zama ta ƙasaita. Motar nan kuwa da katafaren gidan, sau da yawa haya ce ta wuni ɗaya.

Labarin ma yana da ƙa'ida. A waƙoƙin soyayya na Hausa, waɗanda suka ɗauki salo daga fina-finan Indiya, saurayi da budurwa ba su cika taɓa juna ba. A nuna idonsa, a yanka, a nuna murmushinta, kai da kanka ka haɗa su a ranka. Tsallake wannan iyaka yana da tsada: a 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda rungumar da aka gani a bidiyon mawaƙi ClassiQ.

Za ka ce, Malam, ina ruwan mai shanu da wannan? Da ruwanka fa. Yau ciniki ya koma waya. Dillali yana Pouytenga ko Fada N'Gourma, kai kana bakin iyaka, ya turo maka bidiyon sa ko ragon layya ta WhatsApp, ka tura kuɗi. Dabarun nan su ne dai. Waya tana kumbura abin da ke kusa da ita, saboda haka in ya durƙusa gaban maraƙi, ƙirji da tozo sai su cika hoto. Hasken yamma yana sa gashi sheƙi. Inda aka yanka hoton kuwa, wataƙila nan ne ɗingishin yake.

Don haka kafin ka saki jaka ko ɗaya, ka ce a sake ɗauka. Bidiyo ɗaya, ba yanka. Mai ɗauka ya tsaya tsaye, ya ja baya, mutum ya tsaya jikin dabbar don ka auna tsayi. A zagaya ta dama da hagu, a kora ta ta yi tafiya, a buɗe baki ka ga haƙora, a nuna kofato. Ya faɗi ranar da bakinsa, kada a kawo maka hoton kaka a tsakiyar rani. Mai kaya na gari ba zai ƙi ba. Kai ma in kai ke sayarwa, haka za ka yi, don ciniki ɗaya ba ya gina fatauci.

Ka ji waƙarka, ka more, ba laifi. Amma ka gaya wa yaron da ke bayan garke, wanda ke ganin motocin kilif har ransa ya fara fita daga kiwo, cewa da yamma ake mayar da motar ga mai ita.

Allah ya ba da kasuwa, ya tsare hanya, ya raya dukiya. Sai mako mai zuwa.