Idan Allura Ta Soke Ki Wajen Jinya

Kafin mu buɗe akwati a yi zubi, ku ba ni minti biyar.

A cikinmu akwai mai yi wa tsohuwarta allurar ciwon suga kullum, akwai ungozoma, akwai wadda mai kemis ke zuwa gida ya yi wa maigidanta allura, ya tafi ya bar sirinjin a bakin gado. Wa ke sharewa? Mu ne.

Allurar da ta shiga jikin wani tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau, ko da mai ita garau yake a ido. Mun fi tsoron ƙanjamau, amma ciwon hanta ya fi shi saurin kamawa ta wannan hanya nesa ba kusa ba, kuma yana da rigakafi.

Sau da yawa wajen mayar da murfin allura ake sokewa. Kada ki mayar. Ki samu jarka mai kauri mai marfi, ki jefa allurar ciki nan take, ki ajiye inda yara ba sa kaiwa. Kafin ta cika ki kai asibiti su ƙona. Ban da zubarwa a bola, kun dai ga yadda yaranmu ke tsinto sirinji suna fesa wa juna ruwa.

To in ta riga ta soke ki fa? Ki sa a zuba miki ruwa da buta, ki wanke wurin da sabulu sosai. Kada ki tsotsa, kada ki matse, kada ki sa kananzir ko toka. Sai asibiti, a ranar. Akwai maganin da ke tare ƙanjamau, ana shan sa kwana 28, amma sai an fara shi cikin awa 72, kuma na ranar farko ya fi amfani. In babu shi a asibitin Batagarawa, ki ce su tura ki cikin Katsina, Babban Asibiti ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Ki faɗa musu gaskiyar yadda abin ya faru, babu kunya a nan.

Na san abin da ke tsayar da mu: kuɗin Napep, da jiran maigida ya dawo. Shi ya sa nake so kowace ta nemi izininsa tun yau, mu kuma mu amince a riƙa cire kuɗin mota daga asusun taimako ba sai an jira ranar taro ba. Wadda ta yarda ta ɗaga hannu, sakatariya ki rubuta.