Daga Ruwan Bagaja Zuwa Duniyar Taurari: Abin da Muke Karantawa Tare da 'Ya'yanmu

Jawabin da mai kula da zauren karatu na ƙungiyarmu ya gabatar a taron zumunci na shekara, a jihar Maryland. Mun buga shi domin 'yan uwa na gida da na sauran jihohi.



Shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, malamanmu, ƙannena, da 'ya'yanmu da ke can baya suna ta latse-latsen waya, barkanku da zuwa. Na san wasu tun daga Baltimore suka taso, wasu daga Woodbridge da Manassas, sun sha cunkoson hanya kafin su iso. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

An umarce ni in yi bayani a kan zauren karatunmu, wanda ke zama Asabar ɗin ƙarshen kowane wata a wani ɗakin laburare a Silver Spring. 'Yan uwa na gida kan turo ra'ayinsu da saƙon murya ta WhatsApp, saboda tazarar awa 5 ko 6 da ke tsakaninmu ba ta barin su zauna da mu kai tsaye. A bana littattafan almara da ƙagaggun labaran kimiyya muka sa a gaba. Dalili kuwa a fili yake: su ne abin da yaranmu ke karantawa. Yaron da ake fama da shi kafin ya karanta shafi ɗaya na Hausa, shi ne zai rungumi littafi mai shafi 500 da Turanci, ya hana idonsa barci har ya ga ƙarshensa. Iyaye da yawa sun kawo mini kuka, suna cewa littattafan bokaye da dodanni ne. Damuwarsu tana da tushe, kuma zan dawo kanta. Amma kafin nan, bari mu tuna daga inda muka fito.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin littattafan da gasar ta haifar akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda aka buga a 1934. Mene ne Ruwan Bagaja? Labarin mutumin da ya shiga uwa duniya neman wani ruwan magani, ya yi ta karo da Malam Zurƙe, har sai da aljanu suka taimaka masa. Ganɗoki kuma jarumi ne da ya gwabza da Turawa, daga nan labarin ya kai shi ƙasar aljanu. A Magana Jari Ce aku ne ke ba da labari, har ya zama waziri. Daga baya Ahmadu Ingawa ya rubuta Iliya Ɗan Maiƙarfi. A 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai mutum duniyar wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wata halitta daga sama mai suna Kolin Koliyo ta ɗauki yaro Kilba ta zaga da shi sararin samaniya. Ɓangaren kumbon da ya dawo da mutanen nan uku yana nan a gidan tarihin jiragen sama da ke tsakiyar Washington, shiga kuma kyauta ce. Har yau matasan Kano na rububin littattafan yaƙi da sihiri irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini. Kafin duk waɗannan, akwai Gizo da Ƙoƙi da Dodo a bakin kakanninmu. Saboda haka wannan fanni ba baƙo ba ne a gidanmu. Da shi aka yaye mu.

To, ga kaɗan daga abin da aka tattauna a zauren.

Littafin da ya fi tayar da ƙura shi ne Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi, wanda ya fito a 2018. Marubuciyar 'yar asalin ƙasar Yarbawa ce da aka haifa a Amurka. Ta ƙirƙiri wata ƙasa inda azzalumin sarki ya karkashe masu baiwar sihiri, wata yarinya mai suna Zélie ta tashi neman dawo da baiwar. A cikin ƙasar ta sa garuruwa masu suna Sokoto da Zaria da Gombe. Wani dattijonmu, mutumin Sakkwato, ya ce abin ya ɓata masa rai. Ta yaya za a ɗauki sunan birnin Shehu a ajiye shi a ƙasar da ake bauta wa abubuwan bautar gargajiyar Yarbawa? Sai wata 'yarmu mai shekara 16 ta nemi izini, ta ce: "Baba, ka yi haƙuri. Tun da na fara makaranta, wannan ne karo na farko da na ga sunan garin da kakata take a cikin littafin da ƙawayena ke rububi. Shi ya sa na je na tambayi Mama yadda Sakkwato ta gaskiya take." Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce to ta zo gida ya ba ta tarihin Sakkwato na ainihi, tun daga hijirar Gudu ta 1804. Ta je, kuma ba sau ɗaya ba. Ra'ayinsa a kan littafin bai sauya ba, nata ma bai sauya ba, amma an samu hanya tsakanin gidajen biyu.

Na biyu shi ne Dune na Frank Herbert, wanda aka buga a 1965, aka kuma yi fina-finansa a 2021 da 2024. Labarin wata duniyar hamada ce inda ɗigon ruwa ya fi zinariya daraja, manyan dauloli kuma na kokawa a kan wani ma'adini da babu shi a ko'ina sai can. Marubucin ya ari kalmomi da yawa daga Larabci da tarihin Musulmi, kamar Mahadi da jihadi. Nan zauren ya rabu biyu. Wani ɗan uwanmu injiniya ya ce littafin ya girmama mutanen hamada, ya nuna su da juriya da mutunci da sanin ƙasarsu, kuma duk mai hankali zai ga man fetur a bayan wannan ma'adini. Wata 'yar uwa ma'aikaciyar jinya ta ce ita abin da ya tsaya mata a rai shi ne, duk juriyar tasu sai da ɗan sarautar waje ya zo ya jagorance su. Wani malamin makaranta daga Katsina ya turo murya yana cewa a sake duba ƙarshen labarin da littafin da ya biyo baya, domin marubucin gargaɗi yake yi a kan bin shugaba ido rufe, ko da an kira shi mai ceto. Ya ce mu da muka ga abin da ya faru a Kano a 1980 lokacin Maitatsine, ba ma buƙatar a fassara mana wannan gargaɗi. Ranar har mai gadin laburare ya leƙo ya tuna mana lokaci ya ƙure.

Na uku shi ne Kindred na Octavia Butler, na 1979. Wata baƙar fata ce da ke zaune a Kalifoniya a 1976, sai wani abu ya riƙa fizgarta yana mayar da ita zamanin bauta, a wata gona da ke gabashin Maryland, domin ta ceci ran ɗan mai gonar, wanda ashe kakan kakanninta ne. Jama'a, wannan yanki yana nan tsallaken gadar Chesapeake. A can aka haifi Frederick Douglass da Harriet Tubman. Da yawanmu mun sha ratsawa ta wurin a hanyar zuwa bakin teku ba tare da mun san abin da ƙasar ta shanye ba. Wani matashinmu ya ce littafin ya sauya yadda yake kallon abokan karatunsa baƙaƙen Amurka, waɗanda a wasu gidajenmu ake ambatarsu da raini. Wata uwa kuma ta tuna mana Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda uwa ta keta Sahara tana neman ɗanta, ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Ta ce kada mu karanta bautar wasu mu manta da wadda aka yi a ƙasarmu. Keken rubutun Butler na cikin kayan da gidan tarihin baƙaƙen Amurka ya baje a nunin da ya buɗe a watan Maris na 2023, a kan yadda baƙar fata ke hasashen gobensu.

Na huɗu shi ne The Shadow Speaker na Nnedi Okorafor, na 2007. Marubuciyar 'yar asalin ƙabilar Ibo ce, haifaffiyar Amurka, wadda littafinta Binti ya ci kyaututtukan Hugo da Nebula a 2016. Wannan labari a Nijar ta kafa shi, a shekarar 2070. Akwai yarinya Musulma mai suna Ejii, akwai raƙumi mai magana, akwai jaruma da ake kira Sarauniya Jaa. Wani ɗan uwa daga Maradi, wanda ɗansa ya karanta masa yana fassarawa, ya ce ya ji daɗi da aka hango Nijar a cikin gobe, tun da kullum labarin yunwa da juyin mulki kaɗai ake ba duniya. Amma ya ce gaisuwar mutanen littafin da zamansu ba irin na Katsinawan Maradi ba ne. Sai ya rufe da tambayar da har yanzu take cina: "To ku da kuka san gaisuwar, me ya hana ku rubutawa?"

Yanzu ga maganar iyaye. Gaskiya ne ba kowane littafi ya dace da kowane yaro ba. Who Fears Death, na ita wannan Okorafor, yana ɗauke da fyaɗe da kisan ƙare dangi, na manya ne. Haka littattafan da aka yi fim ɗin Game of Thrones da su. Ko a sashen matasa na laburare akwai littattafan da ke ɗauke da mu'amalar da ta saɓa wa tarbiyyarmu. A kan batun sihiri kuwa, malaminmu ya ce a ganinsa akwai bambanci tsakanin labarin da mai ji ya san ƙirƙira ce, kamar tatsuniya, da abin da ke koya wa mutum aikata sihiri ko gaskata boka. Wani gida bai gamsu ba, suka janye yaransu a watan da muka karanta littafin Adeyemi, suka dawo da su a wata na gaba. Ba wanda ya zarge su, haƙƙinsu ne. Abin da nake jan hankali a kai shi ne, a ƙasar nan hani kaɗai ba ya aiki. Littafin da ka ƙwace da rana yana cikin wayar yaron da dare, ta manhajar Libby da katin laburarensa. Idan ka karanta ko da babi uku ne, kana da bakin magana. Idan ba ka karanta ba, wasu ne za su yi masa fassarar abin da ya gani, kai kuma sai dai ka ji sakamako.

Akwai wata riba da ban yi tsammani ba. Mun sa ƙa'ida cewa kowa zai faɗi ra'ayinsa da Hausa gwargwadon iko. Sai yara suka fara tambayar kalmomi, suka tarar ashe muna da su: kumbo, ɗan sama jannati, tauraron ɗan Adam, mutum-mutumi, ƙirƙirarriyar basira. Yaron da gaisuwa kaɗai ya iya, yanzu yana haɗa jimla biyar don ya kare jarumin da yake so. Hausar tasa da gargada, ana dariya, shi ma yana dariya, amma yana yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ina da roƙo huɗu.

Na farko, duk mai zuwa gida ya rage wuri a jakarsa. Cikin kilo 23 da ake cikawa da kilishi da yaji da kuka da daddawa, a bar wa littattafan Hausa kilo ɗaya. Muna neman Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Iliya Ɗan Maiƙarfi, Magana Jari Ce, musamman kuma Tauraruwa Mai Wutsiya, ko da tsohon kwafi ne.

Na biyu, kowane uba da kowace uwa su yanki katin laburare. Kyauta ne ga mazauna, a gundumar Montgomery ne, ko Prince George's, ko Fairfax, ko cikin Washington. Ku tambayi yaro me yake karantawa, ku ari irinsa.

Na uku, 'yan uwa na gida, ku ci gaba da turo ra'ayi, kuma ku ɗauki muryar tsofaffinmu suna tatsuniya ku turo mana. Kowace tsohuwa da ta rasu da tatsuniyoyinta take tafiya.

Na huɗu, ina roƙon masu shirya mujallar nan su ware shafi biyu a kowace fitowa domin gajeren labari da Hausa daga matasanmu na nan da na gida. Yaro ya rubuta mana yadda garinmu zai kasance nan da shekara 100: ina za a samu ruwa, wa zai yi noma, da wane harshe za a yi ciniki a kasuwa. Mu manya mu gyara masa rubutu, kada mu kashe masa gwiwa. Wannan ce amsar da za mu iya ba mutumin Maradi.

Zama na gaba Magana Jari Ce za mu ɗauka, littafi na ɗaya. Iyaye za su karanta a bayyane, yara su faɗi abin da suka fahimta. Wanda bai taɓa zuwa ba, ƙofa a buɗe take, akwai shayi da ƙosai.

 Allah ya raya mana zuri'a, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.