Ruɗewar Hankali Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki



Abin da ya tara mu yau shi ne halin da iyayenmu kan shiga bayan shanyewar ɓarin jiki, ciwon da kan auku idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa. A Durun ta ƙasar Kabo da ƙauyukan Gwarzo mun sha ganin dattijo mai kamala, kwana biyu da kwanciya, ya kama sambatu cikin dare, yana kiran waɗanda suka rasu, bai gane ɗan cikinsa ba. Gari na wayewa kuma ya dawo hayyacinsa. Nan da nan sai a ce iska ce ko sammu.

Likitoci sun san wannan ruɗewa sarai. Binciken da aka tattara a 2012 ya nuna takan sami kimanin mutum 1 cikin 4 na masu wannan ciwo, kuma waɗanda ta kama sun fi daɗewa a asibiti, sun fi shiga haɗarin mutuwa. Sau da yawa wata cuta ce ta biyu ke ingiza ta: ciwon huhu, ciwon mafitsara, riƙewar fitsari, ƙarancin ruwa a jiki, ko faɗuwar sukari. Akwai kuma mai zuwa shiru, inda majiyyaci zai yi ta gyangyaɗi, a ɗauka sauƙi ne ya samu.

Saboda haka duk wanda hankalinsa ya juya farat ɗaya, a gaggauta kai shi Babban Asibitin Gwarzo, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Addu'a ba ta hana magani, amma kada a ɗura masa rubutu ko kunu, domin ciwon kan raunana haɗiya, abin ya zarce huhu. Kada a ɗaure shi, kada a sayo masa maganin barci a kemis. A bar haske ya shiga ɗakinsa da rana, wanda ya saba da shi ya zauna kusa, yana tuna masa rana da wurin da yake.

Mu da aka ɗauki nauyin karatunmu, maganarmu tana da daraja a gida. Hawan jini shi ne babban mafarin wannan ciwo, don haka in mun je hutu mu kai iyayenmu a auna su.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.