Marubuciyar da Ta Ɓoye Sunanta da Malamar da Ke Cikin Littafinta



Tsokacina na yau a kan wata marubuciya ce 'yar ƙasar Italiya, wadda duniya ta san alƙalaminta amma ba ta san fuskarta ba, wato Elena Ferrante. Wannan sunan aro ne. Tun 1992 da littafinta na farko ya fito ba ta taɓa bayyana a bainar jama'a ba. Ko hira za a yi da ita, a rubuce take amsawa ta hannun maɗaba'arta, Edizioni E/O da ke birnin Rum. Hujjarta ita ce, littafi idan ya kammala ba ya buƙatar marubucinsa ya riƙa binsa yana yi masa talla. A 2016 wani ɗan jarida mai suna Claudio Gatti ya bi diddigin kuɗaɗen da maɗaba'ar ke biya, ya nuna wata mai aikin fassara ya ce ita ce. Makaranta littattafanta da dama suka ɗauki wannan a matsayin tonon silili, ita kuwa ta ci gaba da rubutu da sunan aronta.

Abin da ya fi shafarmu yana cikin jerin littattafai huɗu da ta fitar daga 2011 zuwa 2014. Labarin ya faro ne a wata unguwar talakawa ta birnin Napoli a shekarun 1950, da wasu ƙawaye biyu 'yan firamare, Elena da Lila. Lila, ɗiyar mai gyaran takalmi, ta fi kowa hazaƙa a ajin. Malamarsu Oliviero ta matsa wa iyayen Elena har suka yarda ta wuce gaba. Iyayen Lila suka ƙi, malamar kuma ta yi fushi ta juya wa yarinyar baya. Elena ta kai har babbar makaranta a birnin Pisa, ta zama marubuciya. Lila ta yi aure tana da shekara 16, daga baya ta ɗanɗani wahalar aiki a masana'antar sarrafa nama.

Ferrante ba ta mai da malamar waliyyiya ba, ba ta kuma mai da ita muguwa ba. Mace ce mai kishin aikinta, ta ceci ɗaya, ta saki ɗaya tun a ƙin farko.

'Yan'uwa, masana suna can suna gardamar ko wace ce Ferrante. Mu kuwa kowannenmu ya san sunan Lilar da ke ajinsa na shida, ya san ƙofar gidansu. Idan mahaifinta ya ce a'a, mu sake sallama da ladabi, mu tafi da shugaban makaranta, mu nemi bakin mai unguwa, kafin a rufe rajistar jarrabawa.

Allah ya sa albarka a aikinmu.