Keken Gwanjo Zai Iya Kai Ka Aiki Kullum, In Ka San Inda Za Ka Fara Gyara

Yau maganar keke za mu yi. Eh, keke dai da kuka sani. Kar wani ya yi dariya tukuna, ku bari mu yi lissafi.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Kuɗin adaidaita sahu ya bi bayanta. Mu ɗauka kana kashe naira 1,000 kullum zuwa da dawowa. A ranakun aiki 22, naira 22,000 ke nan. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, ka ga kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi a titi kafin ka sayi ko kwanon masara. Akwai ɗaliban da ke zaɓar ranar da za su je lacca saboda kuɗin mota, akwai masu koyon sana'a da suka daina zuwa shago. To wannan ne ya sa na ce mu yi maganar keke da gaske.

Wanda ya fi yawa a hannun masu sayar da na gwanjo shi ne keken nan mai giya da manyan tayoyi masu gurzabau, wanda aka ƙera don hawa duwatsu. Ya dace da mu, domin an yi shi ne don ya jure rami da tsakuwa, kuma ai kun san yadda titunan unguwanninmu suke. Sai dai araha ba ta ado. Keken da ka saya da sauƙi zai iya cinye maka kuɗi fiye da sabo in ba ka san abin da za ka duba ba, da abin da za ka fara gyarawa.

Abu na farko, firam, wato ƙashin keken. Komai na jikin keke ana canzawa, amma in firam ya mutu, keke ya mutu. Ka tsuguna ka duba wuraren haɗi, musamman ƙarƙashin wuya da wurin da feda take. In ka ga tsagewa, ko fenti ya tattare kamar an taɓa buga shi, ka wuce kawai. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. In ya manne, ƙarfe ne, mai walda na bakin titi zai iya gyara shi. In bai manne ba, galibi alminiyom ne, ba shi da nauyi, amma in ya tsage gyaransa sai ƙwararre. Sannan kar sifirin ɗin nan na tsakiya ya ruɗe ka. A keke mai araha nauyi kawai yake ƙarawa, yana shanye ƙarfin ƙafarka. Kuma don Allah ka karɓi rasit, ka je da shaida. Keken da aka ce maka "kawo ko nawa ne" da daddare, ka san amsar da kanka.

Ka saya, ka kawo gida. Kuɗinka na farko birki za su tafi. Wallahi na ga matasa sun sayi sitika da fitila mai kala-kala alhali birkin baya ba ya kamawa. Ka duba robar birkin, in layukan da ke jikinta sun shafe, ta ƙare. Ka matse hannun birki, in ya taɓa kan keken kafin taya ta tsaya, wayar ta saki ko ta yi tsatsa. Roba da waya ba su da tsada, asibiti ne mai tsada.

Sai taya. Gurzabau ɗin nan don taɓo da tsakuwa aka yi shi, a kan kwalta jan ka yake yi baya. In hanyarka kwalta ce, ka nemi taya mai ɗan santsi daidai girman taka. Yawancin waɗannan kekunan inci 26 ne, kuma a rubuce yake a gefen tayar, tare da adadin iskar da take so. Taya mai ƙarancin iska ita ce ke yawan kai mutum wurin mai faci. Ga dabara ɗaya: ka yanka tsohon tub ka shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tub, yana rage hujin ƙaya.

Na uku, sarƙa, wadda wasu ke kira cen. Ka ɗauko rula. A sabuwar sarƙa, daga ƙusa ɗaya zuwa wata ƙusar za ka sami inci 12 cif. In ka ga ta zarce da kusan kashi ɗaya cikin takwas na inci, ta miƙe, kuma tana cin haƙoran giyarka. Ka wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka ɗiga mata mai kaɗan, ka goge da tsumma. Kar ka jiƙa ta sharkaf da baƙin mai, domin a lokacin hunturu ƙura za ta manne, ta zama kamar yashin da ke goge ƙarfe. Giya kuwa, in tana tsalle, sau da yawa saiti ne kawai. Garuruwa irin su Kano shimfiɗe suke, giya biyu ko uku masu aiki sun ishe ka.

Ka ɗaga kowace ƙafa ka juya ta. In tana rawa ko tana ƙara, ka kai wa mai gyaran keke ya daidaita ta, ya buɗe boris ya sa giris. Sirdi kuma ka ɗaga shi har sai ƙafarka ta miƙe in ka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa. Yawan ciwon gwiwar da ake ɗora wa keke, sirdi ne ya yi ƙasa.

Bayan nan ne za ka zo kan kayan zuwa aiki: kariya don jaka ta sauka daga bayanka, madigadi saboda damina, ƙararrawa, fitilar gaba da ta baya, hular kwano, da kwaɗo mai ƙarfi da za ka ɗaure firam da shi a jikin ƙarfe. Tafiyar kilomita takwas kusan rabin awa ce in kana tafiya a natse. A watan Afrilu ka fita da sassafe, ka tafi da ruwa da rigar canzawa.

Na san abin da ke ran wasu: "Ni da digiri zan hau keke?" Ɗan'uwa, digirin ba ya biyan kuɗin adaidaita. Iyayenmu malaman makaranta a kan Raleigh suka koyar da manyan ƙasar nan. A Holan ma'aikatan gwamnati da kwat ɗinsu suke tuƙa keke zuwa ofis.

Amma gaskiya ɗaya ce, titunanmu ba su da tausayin mai keke. Ana gina gadojin sama, ba a ware masa ko taku uku a gefen hanya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya tun 2018. Me zai hana mu fito a ranar, unguwa-unguwa, mu nemi layin keke da wurin ajiya a makarantu da sakatariyoyi? Mai keke ɗaya ana yi masa hon a ture shi gefe, amma in muka kai ɗari, dole a saurare mu.

Ku rubuto mana nawa kuke kashewa a mota kullum, da kuma mai gyaran keken da kuka yarda da aikinsa a unguwarku, don wasu su amfana. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya kiyaye hanya.