Bakin Gulbi ko Tudu: Jawabi ga Hakiman Ƙasar Yawuri da Malamansu

Baƙon da ya taso daga Sakkwato ko Birnin Kebbi a cikin mato don ya ga ƙasar Yawuri, in ya wuce Jega ya bar Koko a baya, ƙasar Shanga zai fara takawa. A nan ne yakan tsaya ya yi tambayar da ta sa aka shirya wannan jawabi, watau ya miƙe bisa babbar hanyar kwalta, ko kuwa ya ratse ya bi bakin Kwara ya sha kallo. Sau da yawa ƙofar hakimi yake zuwa da tambayar, ko ya aiko da takarda ta faɗa hannun malamin hakimi. Abin da aka amsa masa shi zai bi, gama baƙo ko da idonsa makaho ne. Ransa da na waɗanda ke tare da shi sun rataya ga amsar nan, haka kuma sunan ƙasa.

Da farko ya kamata a san abin da ake nufi da hanyoyin nan biyu, don ba irinsu ɗaya ba. Ta tudu hanya ce sosai, guda ɗaya, wadda aka sa wa lamba A1 a cikin taswira. Ta taso tun daga Ikko, ta bi ta Ilori da Jebba da Kwantagora, ta shigo Yelwa, sa'an nan ta haura Koko da Jega har Sakkwato. Ta bakin ruwa kuwa, babu wata kwalta guda da ta bi gaɓa daga Shanga har madatsar Kainji. Abin da ke akwai rassa ne da suka fita daga babbar hanya suka gangara gulbi, kamar wanda ya rabu a Malando ya nufi Ngaski da Wara, da turbobin ƙauye waɗanda damina ke ɓatawa. Inda waɗannan suka ƙare sai jirgin ruwa. Saboda haka wanda duk ya ce wa baƙo ya bi bakin ruwa, lalle ya sani ya ce masa ne ya shiga jirgi, ko ba daɗe ko ba jima.

In don kallo ne, ba a gardama, bakin ruwa ya fi. A ƙasar Shanga Kwara tana nan da kamannin gulbi, da gungaye a tsakiyarta da fadamun shinkafa a gefe. Nan ne mazaunin Shangawa, waɗanda harshensu ɗan'uwan na Kyangawa da Busawa ne, dangin harsunan ƙasar Mali, ko da yake yanzu Hausa ta rinjaye shi sai a 'yan garuruwa kamar Sakace. Daga Yelwa zuwa kudu sai ruwa ya yi ta buɗewa har ya zama tafki, mutum ya tsaya a wannan gaɓa ya kasa hangen waccan. Can zai ga Gungawa, mutanen tsibirai, waɗanda suka yi suna wajen noman albasa da rani, ya ga Sarkawa da komarsu, ya ga giwan ruwa da kurungu da tarwaɗa ana sauke su a kasuwar bakin gulbi da sassafe. In Allah ya sa, har dorina ya hanga. Amma fa a gargaɗe shi, dorinar Yawuri ba abin wasa ba ce, ta sha halaka masunta.

Tafkin nan ba na da can ba ne, kuma baƙo mai ilmi zai so a ba shi labarinsa. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, zamanin Sarkin Yawuri Muhammadu Tukur. Da aka tare ruwa sai ya komo baya, ya yi tafki mai tsawon wajen kilomita 135, faɗinsa kuwa a inda ya fi buɗewa ya kai wajen kilomita 24. Mutum wajen 44,000 aka tayar daga garuruwansu aka gina musu sababbi a kan tudu, da yawa daga cikinsu talakawan Sarkin Yawuri ne. Tsohon garin Bussa ya nutse, tare da duwatsun da suka ci Mungo Park a farkon 1806. Labarin Baturen nan yana da amfani ga mai ba baƙo shawara. Ya gangaro Kwara tun daga ƙasar Mali, tare da jagora kuma tafinta mai suna Amadi Fatuma. A Yawuri sharaɗinsu ya ƙare, jagora ya sauka, Bature ya ci gaba ba shi da wanda ya san ruwan gaba, bai kuwa wuce Bussa ba. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka hauro daga Bussa zuwa Yawuri suna neman takardunsa. Su a jirgin mutanen ƙasa suka zo, masu tuƙin ƙasa suka kawo su, suka kuma koma lafiya.

To, ga abin da ya fi kome muhimmanci cikin jawabin nan. Ruwan Kwara yana da lokatansa, kuma su ne ke yanke hukuncin hanya, ba sha'awar baƙo ba. Sau biyu gulbi ke kawo ruwa a shekara. Na farko shi ne farin ruwa, mai laka, wanda damina ta kusa ke kawowa ta gulbin Sakkwato da sauran rafuka, daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Na biyu shi ne baƙin ruwa, wanda aka yi samansa a duwatsun Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali yana zubar da lakarsa, sai ya iso nan garau cikin sanyin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Tsakanin waɗannan biyu tafki cike yake. Daga Maris kuwa, da yake ana ta sakin ruwa a madatsa don wutar lantarki, ga shi ba wanda ke shigowa da yawa, sai ya riƙa ja da baya har tsakiyar damina. Yakan sauka mita da dama, har gaɓa ta yi nisa da inda aka san ta.

Abin da wannan ke jawowa shi ne haka. Sa'ad da ruwa ya rufe ƙasar nan a 1968 ba dukan itatuwa aka sare ba. Kututtura suna nan a ƙarƙashi. In tafki ya cika jirgi yakan wuce ta bisansu bai sani ba. In ya janye sai su matso kusa da fuskar ruwa, ido ba ya ganinsu, amma cikin jirgi yana samunsu. Wannan lokaci kuwa shi ne ya yi daidai da bazara, sa'ad da hadari ke tasowa ba sallama, iska ta tayar da igiyar ruwa a tsakiyar tafki inda babu wurin fakewa. Masu jirgi na ƙwarai sun san wannan sarai. Wanda bai sani ba shi ne baƙo, da kuma malamin da ya rubuta masa amsa yana zaune a zaure bai aika an tambayi sarkin ruwa ba.

Ba a manta da ran 26 ga Mayu 2021 ba, ran da wani jirgi da ya taso daga gaɓar Jihar Neja ya nufi kasuwar Wara ya tarwatse a tsakiyar ruwa. Mutanen da ke ciki sun haura 150, mata da yara da 'yan kasuwa, kaɗan ne suka tsira. Hukuma ta ce jirgin ya tsufa, an kuma ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa na mutane da kaya. A duba watan da abin ya auku. A kuma tuna cewa ranar kasuwa ita ce ranar da baƙo ya fi son ya ga bakin gulbi, ita ce kuma ranar da aka fi cika jirage.

Kada kuwa a ɗauka hanyar tudu ba ta da nata. Kyanta shi ne mato yana tafiya a kanta rani da damina, akwai mai, akwai makaniki, akwai masauki da asibiti a manyan garuruwa. Abin kallo ma ba ta rasa ba. Ga Birnin Yawuri, tsohon mazaunin sarakuna kafin Yelwa, ga garuruwan Kambari da gonakin dawa, ga ramukan masu haƙar zinariya. Sai dai wanda ya bi ta daga Shanga har Kwantagora zai iya wuce ƙasar Yawuri duka bai ga tafki ba in ba ɗan abin da ya hanga a Yelwa. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne sha'anin tsaro. Makonni uku kacal bayan hatsarin Wara, ran 17 ga Yuni 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandare ta Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai. Ta tudu suka zo, daga daji. Hanyar da aka bi lafiya a makon jiya ba lalle ta zama lafiyayya yau ba, hakimi kuwa ya fi taswira sanin halin da ake ciki, don shi dagatai ke kawo wa labari.

In an auna duka, ga abin da ya fi kama da daidai. Babbar hanya ita ce za a riƙe a matsayin uwa, a riƙa sauka bakin ruwa daga gare ta ana komowa. Baƙon da ya zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, a ba shi shawara ya kwana Yelwa, ya shiga jirgi da hantsi ya ga gungaye, ko ya gangara Wara ya ga tafki a inda ya buɗe. Ko a wannan lokaci ma, ran da hazo ya yi kauri har ba a ganin gaba, a haƙura. Wanda ya zo daga Afrilu zuwa ƙarshen damina, a gaya masa gaskiya ko ba ta yi masa daɗi ba: ya bi kwalta, ya kalli gulbi daga gaɓa, doguwar tafiyar ruwa ya bar ta sai wata shekara. Wasu hakimai sukan ji nauyin hana babban baƙo abin da yake so. Kunyar nan ba ta da wuri a nan.

Saura aikin malamai. In baƙo ya zaɓi ruwa, a rubuta sunansa da yawan mutanensa, da sunan mai jirgi, da inda za a sauka da sa'ar da ake sa ran isowa, a sanar da hakimin da ke gaba. A nemi jirgi na musamman maimakon na kasuwa, wanda sarkin ruwa ya shaida mai shi. Kowa ya sa rigar ruwa, har wanda ya ce ya iya iyo. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa ta hana tafiyar dare, daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe, don haka jirgin da ba zai isa kafin la'asar sakaliya ba kada a bari ya tashi. In kuwa tudu ya zaɓa, a tambayi 'yan sanda da direbobin tasha halin hanya a safiyar ranar, ya tashi da wuri, ya sauka tun rana na sama. Takardar da aka rubuta a ajiye ta a ofishin hakimi har sai labari ya zo cewa baƙo ya isa.